Fitilun gaggawa a bene mai hawa biyar: batir ɗaya na tsakiya, ko kowace fitila da nata?

Mai Kula da Bene:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar injiniyoyi da masu aikin wayarin da ke wannan zaure. Ni ne nake kula da wani bene mai hawa biyar a Kano. Ƙasa shaguna ne, hawa na ɗaya da na biyu ofisoshi ne, sauran kuma masauki ne mai ɗakuna talatin da shida. Muna da matakala biyu, ɗaya ta gaba mai tagogi, ɗaya ta baya wadda ba ta da taga ko ɗaya, ta yadda ko da rana tsaka idan an ɗauke wuta mutum ba ya ganin tafin hannunsa a cikinta.

Muna da janareta babba mai amfani da dizal, amma da hannu ake tayar da shi, da hannu kuma ake sauya layi. Makonni uku da suka wuce an ɗauke wuta ana shirin sallar isha'i, yaron da ke kula da injin kuwa ya riga ya tafi masallaci. Wata dattijuwa da ta zo duba 'yarta tana saukowa ta matakalar baya, duhu ya rufe ta tsakanin hawa na uku da na biyu, ta kuskure taki ta faɗi. Allah ya taƙaita, targaɗe ne kawai a ƙafa, amma ni ne na hau da fitilar waya na same ta zaune a kan matakala tana riƙe da ƙarfen dafawa, takalminta ɗaya ya gangara can ƙasa, tana ta salati. Tun daga daren nan hankalina bai kwanta ba, domin na yi tunanin yadda abin zai kasance da gobara ce, mutum saba'in suna rige-rigen saukowa a cikin wannan duhu.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne akwai fitilun gaggawa a matakalar, masu ido biyu, waɗanda aka saka lokacin da aka gama ginin. Washegari na bi su ɗaya bayan ɗaya, guda goma sha huɗu, biyu ne kaɗai suka yi ɗan haske ja na 'yan daƙiƙu suka mutu.

Na kira masu aiki biyu. Na farko ya ce a cire su duka a sayi inbata ɗaya da manyan batura a ajiye a ɗakin ƙasa, a ja waya zuwa matakalu da lungunan kowane hawa. Na biyu ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, a sayi sababbin fitilu masu batir a cikinsu a maye gurbin tsofaffin. Mai ginin kuma yana ganin idan aka saka wa janareta na'urar da za ta tayar da shi da kanta, magana ta ƙare. Wanne ne daidai a cikin ukun, kuma awa nawa ya kamata hasken ya ɗauka?

Injiniyan Lantarki:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba wa baiwar Allahn nan lafiya, ya kuma saka maka da alheri da ka ɗauki lamarin da muhimmanci tun kafin a yi asarar rai.

Zan fara da shawarar mai gini, domin ita ce ta fi yawa a tsakanin masu manyan gine-gine. Na'urar sauya layi mai aiki da kanta, wadda muke kira ATS, abu ne mai kyau kuma ku saka ta, amma ba ta maye gurbin fitilar gaggawa. Ko injin da ke da cikakkiyar lafiya yana buƙatar daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar kafin ya tashi, ya daidaita, ya karɓi kaya. Ƙa'idar Turai ta EN 1838 ta ce a hanyar fita dole rabin hasken da ake buƙata ya samu cikin daƙiƙa 5, cikakkensa kuma cikin daƙiƙa 60. Ƙa'idar Amurka ta NFPA 101 ta ba da daƙiƙa 10. Sannan akwai abin da ya fi wannan: ranar gobara, abu na farko da masu kashe wuta za su yi shi ne katse lantarkin ginin gaba ɗaya, har da na janareta, idan ma wutar ba ta riga ta cinye wayoyin ba.

Game da tsawon lokaci, a Amurka minti 90 ne. A Ingila, ƙarƙashin BS 5266, awa ɗaya ce mafi ƙaranci, kuma sai a ginin da za a fice daga cikinsa nan take a ƙi komawa har batura su cika. Duk ginin da mutane ke kwana a ciki awa 3 ake nema, don haka naku awa 3 ne. Yawan hasken ba wani mai yawa ba ne: luks 1 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske) a hanyar fita a kan daɓe, rabin luks a manyan ɗakunan taro, luks 5 a wurin da tukunyar kashe gobara ko akwatin taimakon farko yake.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan ƙa'idoji an rubuta su ne a ƙasashen da ake iya shekara ba a ɗauke wuta ba. Fitila mai batir a cikinta an ƙera ta ne ta zauna tana caji wata da watanni, ta yi aiki sau ɗaya ranar da aka shiga uku, sannan a ba ta awa 24 ta sake cika. A wurinmu kuwa ana ɗauke wuta sau huɗu ko biyar a yini, kuma fitilar ba ta san bambanci tsakanin gobara da ɗaukewar wuta ta yau da kullum ba. Da zarar ta ji layi ya mutu sai ta kama. Ina kyautata zaton kuna kashe janareta da tsakar dare don tattalin mai, kamar yadda yawancin masauki ke yi. Idan haka ne, kowane dare fitilunku suna ci har batir ya ƙare ƙaf, daga ƙarfe uku na dare zuwa asuba ginin ba shi da hasken gaggawa ko kaɗan, kuma wannan shi ne lokacin da mutane suke barci. Ƙaramin batirin da aka yi don ya kai shekara huɗu, idan ana tatse shi haka kullum, bai fi ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Ina ganin abin da ya kashe guda goma sha huɗun nan ke nan, kuma idan kuka sayi sababbi kuka haɗa su yadda aka haɗa na farko, haka su ma za su mutu.

Shawarata ita ce ku haɗa biyun, kowanne da aikinsa. A ware layin fitilun matakala da na lunguna daga sauran wayarin ginin, a ɗora shi a kan ƙaramar inbata mai batura, wadda za ta riƙa ɗaukar ɗaukewar wutar yau da kullum. Sannan a saka sababbin fitilu masu batir a cikinsu, a ciyar da su daga wannan layin na inbata. Ta haka fitilar gaggawa kullum tana ganin akwai wuta, tana zaune a cike, ba za ta taɓa batirinta ba sai ranar da inbatar ta tsaya, ko makatsin layin ya faɗi, ko gobara ta ci waya.

Kada girman ginin ya tsorata ku game da kuɗi. A ce kuna buƙatar ƙwayaye 60 na LED masu wat 5, da alamun hanyar fita 20 masu wat 3. Jimla wat 360 ke nan, bai kai abin da dutsen guga ɗaya ke ja ba. A awa 3 kuna buƙatar wat-awa 1,080, idan aka ƙara asarar da inbata ke yi da kuma ragin da tsufan batir ke kawowa, a ce 1,600. Batir ɗaya mai volt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma na dalma ba a so a ci fiye da rabinsa. Biyu sun isa awa ukun, huɗu kuma za su kai ku daga tsakar dare zuwa asuba.

Mai Haɗa Sola:

Sallama ga kowa. Injiniya, ranka ya daɗe, na yarda da lissafinka ɗari bisa ɗari, amma ina da ja a kan haɗa tsarin biyun da ka shimfiɗa, domin ni nake shiga gine-ginen nan bayan shekara biyu in ga abin da suka zama.

Fitilu masu batir guda tamanin na nufin batura tamanin, kowanne a maƙale a saman bango, kowanne sai an kafa tsani an kwance murfi kafin a canja shi. Ban taɓa ganin ginin da aka yi wannan a kan lokaci ba. Ga kuma kasuwa cike da fitilun da aka rubuta awa 3 a jikin kwalinsu, amma idan ka gwada da agogo a hannu ba sa wuce minti arba'in. Shi kuwa tsari na tsakiya, wuri ɗaya za ka shiga ka duba allo, ka auna batura, ka san halin da ake ciki cikin minti biyar. Manyan asibitoci da filayen jirgin sama a ƙasashen waje da shi suke aiki, har yana da ƙa'idarsa ta musamman, EN 50171, wadda ta ce dole cajar ta mayar da batura zuwa kashi 80 cikin ɗari a cikin awa 12. Inbata mai kyau tana sauya layi cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Idan aka ƙara faifan sola uku ko huɗu a kan rufi, ba ruwanku da ko an kawo wuta. Mun ga amfanin haka a watan Oktoba na 2024, lokacin da matsalar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta bar Kano da maƙwabtanta cikin duhu fiye da mako guda, ga dizal da tsada, janareta ba ya iya kwana yana aiki.

Sai dai Malam, idan za ku saka inbata, ko ta tsarina ko ta tsarin Injiniya, akwai abu biyu da suke kashe ta a ƙasar nan. Na farko zafi. Ana auna rayuwar batirin dalma ne a kan digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba wannan rayuwa biyu. A watan Afrilu Kano tana haura digiri 40 a waje, ballantana ɗan ɗaki rufaffe da ke jingine da ɗakin janareta. Na taɓa buɗe irin wannan ɗaki na tarar baturan sun kumbura kamar burodi, gefensu ya tsage, farin gari ya taru a kan kawunansu, alhali ba su cika wata goma sha takwas ba. Ku nemi ɗaki mai iska, nesa da inji, kuma idan aljihu zai ɗauka ku sayi batirin litiyam irin na LiFePO4, wanda ya fi jure caji da saukewa sau dubbai.

Na biyu mutane. Ranar da aka gane cewa akwai layin da ba ya mutuwa, maigadi zai jona fanka, mai shagon ƙasa zai roƙi a ba shi waya ɗaya don firjin lemo, ofishin karɓar baƙi zai saka kwamfuta da talabijin. Kafin wata uku layin wat 360 ya koma wat 2,000. Kada a saka soket ko ɗaya a wannan layin, akwatin rabonsa ya zama daban da kwaɗo, mabuɗin kuma ya zauna a hannunka.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:

Na yi shekaru ina aikin kashe gobara kafin in yi ritaya, kuma a wannan muhawara ina bayan Injiniya. Ɗan'uwana mai sola, duk abin da ka faɗa game da sauƙin kulawa gaskiya ne, amma tsari na tsakiya yana rataye ne a kan waya, waya kuwa ita ce abincin wuta na farko. A ƙasashen da ka ambata ba da wayar gida ake jan wannan layi ba, da waya mai jure wuta ake ja, a bi da ita ta hanya daban, a raba fitilun kowace matakala a kan layi biyu don idan ɗaya ya mutu ɗaya ya rage. Idan aka ja shi da waya mai rigar roba a cikin bututun roba, a rami ɗaya da sauran wayoyin gini, gobarar da ta tashi a shago ɗaya a ƙasa za ta kashe hasken hawa biyar a lokaci guda. Wannan ginin kuwa shaguna ne a ƙasansa, masu barci a samansa, kuma duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san yadda wutar shago ke gudu.

Akwai darasi a abin da ya faru a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York ranar 26 ga Fabrairu, 1993. Bam ya tashi a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ginin, ya katse lantarki, janaretocin gaggawa da ke can ƙasa su ma suka tsaya bayan fashewar ta lalata bututun ruwan da ke sanyaya su. Dubban mutane suka sauko daga hawa sama da ɗari cikin duhu da hayaƙi, wasu sun shafe sa'o'i kafin su kai ƙasa. Bayan haka ne aka saka fitilu masu batir a matakalun, aka kuma shafa fenti mai haske a duhu a bakin matakala da ƙarfen dafawa, kuma waɗanda suka tsira daga harin da aka kai wa ginin a 2001 sun amfana da wannan gyara. Haka nan a 2012 guguwar Sandy ta cika ɗakunan ƙasa na wasu asibitocin birnin da ruwa, famfunan man janareta suka tsaya, aka riƙa sauko da marasa lafiya ta matakala da tocila. Wanda ya ga ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba na 2024 ba zai ce wannan labarin nesa ba ne, saboda haka kada a ajiye batura a ƙasan daɓe ko a ɗakin da ruwa ke iya shiga.

Abu ɗaya zan ƙara wanda ba ya cin lantarki. Hayaƙi sama yake taruwa, fitilar da ke jikin silin ita ce ta farko da yake rufewa, mutane kuma a sunkuye suke tafiya. Ku sayi tef ko fenti mai shan haske ya riƙa fitarwa a duhu, ku bi bakin kowane taki na matakalar baya da shi, da ƙarfen dafawa, da kewayen marikin ƙofar fita. Yana buƙatar haske ya riƙa dukansa kafin ya yi aiki, don haka fitilun matakalar da ba ta da taga su zauna a kunne dare da rana. Ku kuma saka fitila ɗaya a waje, a saman ƙofar da matakalar ke fitarwa, domin na sha ganin mutane sun fito lafiya sun faɗa kwata a bakin ƙofa.

Injiniyan Lantarki:

Baba, Allah ya ƙara girma, ka cike abin da na bari. Ɗan'uwa mai sola kuma ya yi gaskiya a kan fitilun jabu da wahalar kulawa, maganinsu kuwa gwaji ne. Malam, kafin ku biya kuɗin guda tamanin, ku sayi biyu, ku yi musu caji na awa 24, ku cire wuta ku zauna da agogo. Wadda ba ta kai awa 3 ba a mayar wa mai ita. Bayan an saka, sau ɗaya a wata a kashe makatsin layin na ɗan lokaci, a Amurka daƙiƙa 30 ake yi, mutum ya bi kowane hawa ya ga kowace fitila ta kama. Sau ɗaya a shekara a bar su su ci awa ukun cur, a yi shi da safe don su sake cika kafin dare. A ba kowace fitila lamba a jikinta, a buɗe littafi a riƙa rubuta kwanan wata da sakamako da sa hannu. Ba kuma lallai ne duka tamanin su kasance masu batir ba. Waɗanda ba a sassauci a kansu su ne na kowane sauka a matakala, da kowace kwana, da saman kowace ƙofar fita, da ɗakin janareta da na akwatin rabon wuta, domin wanda zai gyara matsalar shi ma yana buƙatar ya gani.

Mai Kula da Bene:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Injiniya, zatonka daidai ne, ƙarfe goma sha biyu muke kashe janareta, kuma jiya da na kwance ɗaya daga cikin tsofaffin fitilun na tarar batirin ya yi tsatsa har ya manne da murfi. Na zaga da mai wayarin mun ƙirga wuraren da ka lissafa, sun kama talatin da ɗaya. Na kai wa mai ginin lissafin, ya amince da inbata da fitilun, ya ce na'urar janareta ta jira zuwa bayan salla. Tef ɗin da Baba ya ambata na aika a nemo mini a kasuwa gobe.

Saura tambaya ɗaya. Ɗakin da muke da shi mai iska yana hawa na ɗaya ne, a ƙarƙashin matakalar gaba, kuma a nan mai wayarin yake so a ajiye baturan. Shin ya halatta a ajiye batura a ƙarƙashin matakalar da ita kanta hanyar fita ce, ko in nemi wani wuri ko da zai ci ƙarin waya?

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:

Ka nemi wani wuri, ɗana. Batir da inbata su kansu suna iya kama wuta, na dalma kuma yana fitar da iska mai kamawa lokacin caji, kuma hayaƙin duk abin da ya ƙone a ƙarƙashin matakala cikin matakalar zai hau. A samu ɗaki mai bangon bulo da ƙofar ƙarfe, mai tagar iska da ke buɗewa zuwa waje, wanda ƙofarsa ba ta kallon ɗaya daga cikin matakalun biyu, a rataye tukunyar kashe gobara mai iskar CO2 a bakin ƙofar daga waje.